Sikeli ya ce lafiya lau, tef ɗin awo ya ce da sauran magana

Malamin makaranta, Anguwan Rogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na raka mahaifiyata asibiti a nan Jos, sai na ce bari ni ma a duba ni. Tsayina mita 1.72, nauyina kilo 72, lissafin BMI, wato ma'aunin da ke kwatanta nauyi da tsayi, ya ba da 24, ban kai 25 ɗin da ake cewa nauyi ya fara yawa ba. Har na miƙe, likita ya ce in ɗaga riga, ya zagaya mini tef a ciki: santimita 98. Washegari aka gwada sugana kafin karin kumallo, 112. Ya ce ban kamu ba tukuna, amma ina bakin ƙofa. Abin ya tsaya mini a rai, don ciwon suga ne ajalin mahaifinmu, kuma shi ma ba mai jiki ba ne, tumbi kawai gare shi. Akwai wanda ya taɓa cin karo da irin wannan?

Tela, Bauchi Road: Allah ya jiƙan Baba. Malam, mu kullum muna gani. Alhaji zai ce mini wandonsa 34 ne, saboda a ƙarƙashin tumbi yake ɗaure shi. In na sa tef saitin cibiya don ɗinkin kaftani sai in ga inci 41. Babbar riga ta rufe komai, mutane kuma na cewa hutu ne ya zo.

Ma'aikaciyar jinya, Gangare: Tela ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kitsen da kake iya mintsina a ƙarƙashin fata daban, wanda ya lulluɓe hanji da hanta daban. Na cikin shi ne mugun, don abin da yake saki yana bin jini kai tsaye zuwa hanta, har jiki ya daina jin sinadarin insulin, mai daidaita suga a jini, yadda ya kamata. Daga nan ciwon suga, hawan jini da kitse a hanta ke samun ƙofa. Sikeli kuwa bai san inda kitsen ya zauna ba.

Ga yadda muke awo: a tsaye, tef a kan fata, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi, ba tare da shanye ciki ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, haɗari na farawa daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, ya tsananta in an wuce 102 da 88. Mafi sauƙi shi ne abin da hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya, ta ba da shawara a 2022: kada awon ciki ya kai rabin tsayi. Naka, Malam, bai kamata ya kai 86 ba.

Maman 'Yan Biyu, Rikkos: Ni akasin haka ne. Ƙibata duk a cinya da ɗuwawu take, an daɗe ana tsorata ni, amma suga da jini lafiya lau. Ƙanwata siririya mai teɓa ita ce ke shan maganin hawan jini. Sista, ke nan na tsira?

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, da sauƙi dai, ban ce kin tsira ba. Tun 1947 wani likitan Faransa, Jean Vague, ya lura cewa ƙibar sama ta fi ta ƙasa illa. A 2005 binciken INTERHEART, a ƙasashe 52, ya nuna kwatanta awon ciki da na kwatangwalo ya fi BMI nuna wanda ke fuskantar bugun zuciya. Sai dai in al'ada ta ɗauke, kitsen mace kan koma ciki, don haka ki riƙa awo. Gwiwoyi ma suna jin nauyin.

Direban Jos zuwa Abuja: Ni zama ne ya ja mini, ga lemon kwalba da tsire a hanya. Na bar lemon, na rage tuwon dare, ina zagaya unguwa bayan sallar asuba ko da sanyi. Cikin wata biyar kilo uku kacal na sauke, har na karaya, sai na ga bel ya matsa huda biyu. Jinina ma ya sauka, likita ya rage mini magani da kansa.

Malamin makaranta: Na gode ƙwarai. An ce in koma gwaji bayan wata uku, zan kawo muku sakamakon in sha Allahu. Direba, minti nawa kake yi a zagayen nan?