Wasan ces ba dara ba ne: a kira shi darar sarki

'Yan'uwa, ina so mu daidaita kan sunan wasan nan da Turawa ke kira ces, wanda yanzu akan ga matasa sun shimfiɗa allonsa bayan la'asar a gindin dogonyaro a Birnin Kebbi, 'yan kallo tsaye a kansu kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. A manyan biranen duniya ma a fili ake yinsa: a lambun Washington Square da ke New York akwai tebura masu zanen allon a jikinsu, baƙo ya zauna da baƙo su kara. Lokacin da ɗan wasan ces na Najeriya Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana wasan a dandalin Times Square a Afrilun 2024, an yi ta cewa "wasan dara", kuma a nan ne ban yarda ba.

Dara tana da masu ita, kuma mu mutanen Kebbi mun fi kowa sani, domin Dakarkarin ƙasar Zuru sun yi suna da ita. Gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa wancan da tsinke, duk wanda ya jera uku sai ya ci ɗan abokin karawarsa. 'Ya'yan dara duk darajarsu ɗaya. Shi kuwa ces gida 64 ne da 'ya'ya 32 iri shida, kowane iri da tafiyarsa, kuma wasa yana ƙarewa ne idan an ritsa sarki, ko da sauran mayaƙansa suna nan cike da allo. Idan muka bar suna ɗaya ya ɗauki wasa biyu, baƙon ne zai cinye sunan, yaro ya tashi bai san darar kakansa ba.

Wasu za su ce a ɗauki shaɗaranji, kalmar da malamanmu suka sani a Muwaɗɗa da Risala. Tana da asali mai ƙarfi, domin daga Indiya wasan ya bi ta Farisa ya isa ƙasashen Larabawa, har ya kai Borno inda Barebari suka kira shi tsatsarandi, suka sa wa 'ya'yansa sarautunsu, wato mai da ciroma da kaigama. Sai dai kalmar tana da nauyi a bakin yaro, kuma ba ta gaya masa komai game da wasan. A bar ta ga littafi.

Shawarata ita ce darar sarki. Mai ji ya san wasan allo ne na lissafi, ya kuma san a kan wa ake faɗan. Sauran sunayen sai mu bi sawun Barebari: sarki, waziri a madadin sarauniya kamar yadda Larabawa suke cewa, doki, giwa, ganuwa, sai dakaru takwas a sahun gaba. Idan an kai wa sarki hari a ce "Hattara!", kalmar da muka saba ji a bakin dogarai, idan kuma ba shi da mafita a ce an ritsa shi.

Malamanmu na Hausa da masu aikin rediyo, ku gwada ta a baki ku gaya mana inda ta yi tuntuɓe.