Idan Sankarar Jini Ta Dawo wa Yaro

Mun zauna a Kaduna da wasu iyaye da ma'aikatan jinya kan yaran da sankarar jini ta sake kamawa bayan an yi zaton sun warke. Ga abin da na tsinta.

Tambayar da aka ce a fara yi wa likita ita ce: yaushe ta dawo, kuma a ina a jiki? Wadda ta dawo da wuri, yaro na kan magani, ta fi wuyar sha'ani. Wadda ta dawo bayan shekaru ta fi jin magani, musamman idan ba ta koma cikin ɓargo ba.

An daɗe a kan yanke magani, kuma ni ma nan ne hankalina ya fi tashi. Jinyar takan wuce shekara 2. Yaro ya soma cin tuwo, ya koma wasa, kuɗin motar zuwa asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ya gagara, sai a ajiye ƙwayoyin. Wata uwa ta roƙi a faɗa wa likita matsalar kuɗi tun kafin maganin ya ƙare.

Zazzaɓi a lokacin jinya na gaggawa ne, a kai yaron asibiti a daren, kada a tsaya kemis. A kuma shirya 'yan uwa masu ba da jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 na yara masu sankara ke warkewa, a ƙasashe marasa ƙarfi da dama kuwa ƙasa da kashi 30. Idan likita ya ce warkewa ta yi nisa, a nemi maganin rage raɗaɗi, haƙƙin yaron ne.