Me ya sa makrofej ba ta ƙoshi da kolesterol?

Ɗalibar Aji Uku:
Assalamu alaikum. Malamai, wani abu ya shige mini duhu. An koya mana cewa idan kolesterol (wani nau'in kitse) ya ishi ƙwayar jiki, takan rage ƙofofin da take karɓar LDL da su, wato ƙunshin da ke ɗauko kolesterol a cikin jini ya kai wa ƙwayoyin jiki. To, ta yaya makrofej, ƙwayar garkuwar jiki mai haɗiye datti, ke ta haɗiyar LDL a bangon jijiyar jini har ta kumbura?

Malamin Kimiyyar Jiki:
Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da ya ɗaure wa masana kimiyya Brown da Goldstein kai ke nan a birnin Dallas na Amurka, domin masu ciwon gado da aka haifa ba su da ƙofar LDL su ma kitse yana cika makrofej ɗinsu. A 1979 suka nuna cewa LDL ɗin da aka sauya wa siffa ta wata ƙofa dabam yake shiga, kuma wannan ƙofar ba ta rufuwa komai yawan abin da ya taru a ciki. A jiki, LDL da ya maƙale a bangon jijiya yakan gurɓata, kamar yadda man shanu ke ɓaci idan ya daɗe, sai ƙofofin shara irin su CD36 da SR-A su kwashe shi.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, zan ɗan ɗora. Bayan haɗiya, laisosom, wato jakar narkewa da ke cikin ƙwayar, shi ke narkar da furotin ɗin LDL ya saki kolesterol, amma ƙwayar ba ta iya farfasa shi kansa kolesterol ɗin. Dole ta adana shi ɗigo-ɗigo, ko ta miƙa wa HDL, mai kwashe kolesterol a jini, ta ƙofofin fitarwa masu suna ABCA1 da ABCG1, ya kai hanta. Idan an shirya gilashin gwaji, sinadari yakan wanke kitsen ya bar ƙananan ramuka farare birjik kamar kumfar sabulu, shi ya sa ake kiran su ƙwayoyin kumfa.

Malamin Kimiyyar Jiki:
Haka ne, kuma a ganina fitarwar ce ɗalibai suka fi mantawa. A cutar Tangier, wadda aka fara gani a wani tsibiri na jihar Virginia a Amurka, ABCA1 ne ya lalace: HDL kusan babu shi a jini, ƙulun maƙogwaro kuwa sukan kumbura su zama launin ruwan lemo saboda makrofej da suka cika maƙil.

Ɗalibar Aji Uku:
Na gode, Malam. Gobe zan sake duba gilashin jijiyar da aka ba mu, in nemi kumfar da idona.