Rediyon DAB+ a Accra: me ya kamata mai saye ya duba?

Masu gyaran rediyo na unguwar Nima da 'yan kasuwar Zongo Lane a Accra sun yi ta muhawara kan ko jama'a na sayen rediyon dijital, tun da hukumar sadarwa ta Ghana, NCA, ta fara gwajin DAB+, wato tsarin watsa rediyo na dijital, a Accra da Kumasi a Agustan 2023. Mafi yawansu sun ce ciniki bai kankama ba, don FM ɗin wayar salula ya wadatar da mutane.

Inda suka fi jan kunne shi ne kayan gwanjo. Tsofaffin rediyoyin Ingila da yawa DAB zalla ne, wato tsohon tsarin da ya riga DAB+: za su nuna sunan tasha, amma shiru kake ji, domin ba su iya fassara HE-AAC, wato tsarin sautin da DAB+ ke amfani da shi. A nemi alamar "+" a jiki, a kunna a shago kafin a biya kuɗi. Motocin Amurka kuwa HD Radio ke cikinsu, wanda tsari ne daban.

A zare eriya duka, a tsaye, kusa da taga, sannan a sa rediyon ya sake lalubo tashoshi. In sigina ta yi rauni ba ya shuu irin na FM, ɗif yake ɗaukewa. Yana kuma cin batir, gara mai caji.