Musayar Waƙa: Tsakanin Lauya da Ma'aikacin Reluwe

Malam Sabo:
Assalamu alaikum. Daren jiya na sake kallon Alaipayuthey, fim ɗin Tamil da Mani Ratnam ya ba da umarni a 2000, wanda da yawanmu muka fara sani ta Saathiya, na Hindi, da ya fito a 2002. Ga nawa baitocin, mai amsa ya amsa.

A gidan biki na ƙauye suka fara gamayya,
Jiragen ƙasa na Chennai suka raini soyayya.
Karthik ɗan gata ne, mahaifinsa babban lauya,
Shakthi na karatun likita, ba ta kauce hanya,
Ubanta ma'aikacin reluwe, ga rufin asiri ba dukiya.
Ran da iyaye suka zauna, nan aka taka ƙaya,
Baƙo ya shigo falo yana auna musu kaya,
Kalmarsa kamar zuma, cikinta dafin kunya.
Ni dai laifin nan duka na ɗora shi kan lauya.

Yaya Hauwa:
Malam Sabo, sannu, amma ka rage adalci,
Mai reluwen ma ya kurɓi girman kai mai ɗaci.
Na yarda an taɓa shi, talaka na kishin mutunci,
To don me zai rufe ƙofa tun bai ji 'yarsa ba, ya yanke hukunci?
Shi ya rama magana, ita ta kwana da takaici.

Binta:
Yaya Hauwa, ki bar ni da zancen ɓoyayyen aure,
Suka ɗaura, kowa ya koma gidansu ya kwana a ware.
Thali, zaren da ango ke sa wa amarya, yana wuyanta a ɗaure,
Tana tura shi cikin riga, da rana har dare.
Aka zo neman yayarta Poorni, baƙi sun cika zaure,
Suka ce ga ƙanin ango, a ba shi Shakthi a haɗa tare.
Nan ta buɗe baki, abin da ta jima tana jure,
Auren Poorni ya watse, ita kuma aka kore.
Poorni nake wa kuka, ba ta ci ba, ba ta sha ba, aka ture.

Baba Ilu:
'Ya'yana, ku saurara, ni wuri ɗaya ya sa ni damuwa.
Sun tare a ɗakin da ko shafe ba a gama masa ba, bulo a fili ga kowa,
Sai labari ya zo, uban Shakthi na kwance, ciwo na ƙaruwa.
Ta ce mu je, ya ce wanda ya ƙi ni, me zan je dubawa?
Da ya sauko suka tafi, suka tarar da gawa.
Na tsayar da kallo a nan, idona ya kawo ruwa.
Ni ma surukina ya taɓa faɗa mini magana mai ƙunawa,
Shekara biyu ko ran Sallah ban kai masa gaisuwa.
Ran da na saka hula na ce yau zan nemi yafewa,
Na iske tabarmi a ƙofar gida, an dawo daga rufewa.
Har yau in matata ta ambace shi, ƙasa nake dubawa.

Malam Sabo:
Allah ya jiƙansa, Baba, ya sa yana cikin rahama.
Na ga girman kan da na zagi lauya, ɗan ma ya kama.

Yaya Hauwa:
Amin, Baba. Bari in kai ku ga Shakthi, daren da mota ta buge ta,
Karthik na tasha, jirgi na zuwa na wucewa babu ita.
Matar wani babban jami'i ce ke tuƙi, tsoro ya rufe ta,
Mijin ya ce ni ne na yi, ya tsaya a gabanta.
Karthik ya ji haka a asibiti, jikinsa ya yi sanyi, ya tuna matarsa da faɗansu da ita,
Kiɗan A. R. Rahman ya yi ƙasa, ya sunkuya bakin gadonta,
Yana kiran sunanta, har ta motsa idonta.