Shamuwa Na Haramar Tafiya

Basarken Yawuri:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da la'asar na tuƙa jirgina a bakin Kwara, ga abin da ido ya gani. Amsa-amo "wa" ne, wanda ya karya ya biya goro.

Ruwan sama ya soma ja da baya,
Gero ya sunkuya, kaka na zuwa.
Shamuwa sun yi taro kan tsamiya,
Za su kudu, ba su sallami kowa.
Ita ta yi mana busharar damina,
Yau ta bar sheƙa ga iska da shirwa.
Mazari ya cika bakin gaɓa,
Ba ganga ba kalangu, jiki na rawa.
Zalɓe ya kafe kamar an dasa shi,
Kifi ya yi sake, sai haɗiyewa.

Manomin Argungu:
Kawu Basarke, kai ka ga ado, ni na ga asara.

Kana cikin jirgi kana yabon fiffike,
Ni ina fadama, murya na dushewa.
Jan baki sun taso tun kafin hantsi,
Kamar hadari, har rana na ɓacewa.
Shinkafa na nono, ba ta yi ƙwari ba,
Su tsotse ta, su bar mu da yunwa.
Mun jera gwangwani, mun ja igiya,
Yara da majajjawa suna ta kuwwa.
An ce jirgin feshi zai bi makwancinsu,
Mun ɗaga kai har wuya na ƙagewa.

Inna ta Birnin Kebbi:
Sannu ɗana, Allah ya tsare gona. Ku dai ku ba ni fili in yabi nawa ƙwaron.

Ku yi ta faɗan tsuntsu, fara nake jira,
Dare ya yi sanyi, a fita kamawa.
A tafasa, a shanya, a soya da yaji,
Ko surukina ya gani sai ya taɓa.
Belbela ci da motsin wani ta riga ni,
Tana bayan shanu tana ta tsincewa.

Basarken Yawuri:
Inna, "taɓa" ba "wa" ba ce. Goro ya hau kanki.

Inna ta Birnin Kebbi:
Na ji. Ka aiko yaro da kwano, soyayyiyar fara zan biya.

Malamin Bagudo:
Ni baƙi nake son in ambata. Shekaranjiya na tsai da darasi, na fito da yara su dubi wayar lantarki.

Baƙi sun sauka, sun jeru kan waya,
Wutsiya biyu, ku gaishe da tsattsewa.
Daga Turai suka taso gudun sanyi,
Suka ƙetare Sahara, ba guzuri ba ruwa.
Ba fasfo, ba biza, ba ɗan rakiya,
Sauro da ƙuda suke ci suna wucewa.
Ɗalibi ya ce, Malam, ina shamuwa za ta?
Na ce kudancin Afirka, can ma damina take wa.

Baitin ƙarshe ya yi ɗingishi, na sani, kada Kawu ya ce komai.

Basarken Yawuri:
Malam, ɗingishi ma tafiya ce. Ɗana na Argungu, ban raina kukanka ba, ni ma shinkafar nake ci.

Tun 1968 da aka tare Kwara a Kainji,
Gungu da gonaki suka sha ruwa.
Inda baba ya yi noma, nan nake jefa taru,
Kirinjijiya na fito bisa kai da yawa.
Dinya ta wuce, nauyi kamar rago,
Yaro ya ɗaga baka, na ce bar harbawa.
In kun yi yanka, ruwa ya ja a Matan Fada,
Zan zo da homa da gora, mu nemi giwa.

Manomin Argungu:
Giwan ruwa sai an ga shinkafa a masussuka, Kawu.

Ka zo da gorarka, amma zo da wuri,
A zuba tsakuwa ciki, mu yi ta kaɗawa.
Ga su can sun taso ta gabas kamar hayaƙi,
Na ajiye waya, na tafi korewa.