Jirgin TAM na Birazil: birki ne ya tsinke ko matuƙa ne suka yi sakaci?

Ɗan Tirela: Salamu alaikum jama'a. Jiya na kalli bidiyon haɗarin jirgin TAM ɗin nan na Birazil, wanda ya faru ran 17 ga Yuli 2007 a filin Congonhas cikin birnin Sao Paulo, mutum 199 suka rasu, 187 a cikin jirgin 12 a ƙasa. Ni dai maganata ɗaya ce, birki ne ya tsinke, kuma duk abin da birkinsa ya tsinke yana cikin gudu toh mai tuƙi ba shi da sauran dabara. Amma sai na ji ana ta ɗora wa matuƙan laifi, bayin Allah sun mutu ba za su iya kare kansu ba. Wallahi zalunci ne.

Injiniya: Wa alaikumus salam Yaya. Ka yi haƙuri amma birkin jirgin nan bai tsinke ba. Abu uku ne ke tsayar da irin wannan jirgin, wato Airbus A320, in ya sauka, birkin taya, da ribas na inji wanda ke juya iska ta koma gaba, sai wasu fallaye a saman fiffike da ke miƙewa tsaye su kashe ƙarfin da ke ɗaga jirgin, nauyinsa ya sauka kan tayoyi. In fallayen nan ba su tashi ba ko ka taka birki iya ƙarfinka ba zai ci sosai ba don tayar ba ta danne ƙasa ba. A ranar ribas ɗin injin dama a kulle yake saboda matsala, kowa ya sani tun kafin su taso daga Porto Alegre. Da suka taɓa ƙasa totur na hagu ya koma ribas, na dama kuma bayanan baƙin akwati sun nuna yana nan a matsayin hawa sama. Shikenan fallaye suka ƙi tashi, birkin da ke kama kansa ya ƙi kamawa, inji ɗaya na ja baya ɗaya na tura gaba.

Ɗan Tirela: Wato kamar mutum ya taka birki da ƙafa ɗaya, ɗayar tana kan totur kenan?

Injiniya: Haka ne Yaya. Shi ya sa jirgin ya karkata hagu, ya tsallake babban titin mota ya afka ginin ajiyar kaya na kamfanin, ga gidan mai a gefe.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Toh ni Injiniya tambaya ta, tunda sun ga baya tsayawa me ya hana su ƙara wuta su sake tashi sama su zagayo? Ai ina jin ana yin haka.

Injiniya: Ana yi Hajiya, amma kafin a buɗe ribas. Da zarar an buɗe shi ƙa'ida ita ce ka tsaya a ƙasa ko ta halin ƙaƙa, domin ba ka da tabbacin zai rufe a kan lokaci kuma titin ya riga ya ci rabi. A Mangalore ta Indiya a 2010 matuƙin Air India Express ya sauka can cikin titi, ya buɗe ribas sannan ya yi ƙoƙarin sake tashi, jirgin ya faɗa kwari mutum 158 suka mutu.

Alhaji Babba: Yaro na ji bayaninka amma ban yarda da inda ka dosa ba. Matuƙan nan biyu kowanne ya haura awa 13,000 a sama, ba 'yan koyo ba ne. Titin Congonhas bai kai kilomita 2 ba, gidaje sun kewaye shi, an yi masa sabuwar kwalta aka buɗe shi ba a yanka masa layukan da ruwa ke bi ya tsiyaye ba, ga ruwan sama. Kwana ɗaya kacal kafin nan wani ƙaramin jirgi ya zame a wannan titin. Ka aika mutum da jirgi cike maƙil, ribas ɗaya a kulle, cikin dare da ruwa, sannan ka ce shi ne mai laifi? Wanda ya sa hannu jirgin ya tashi a haka shi za a fara tambaya.

Injiniya: Ranka ya daɗe ban ce su kaɗai ba ne. Amma doka ta yarda jirgi ya yi kwanaki yana aiki da ribas ɗaya, domin lissafin tsayawa ba a kansa ya rataya ba. Wannan jirgin ma ya sauka lafiya a haka sau da dama a kwanakin.

Alhaji Babba: Doka ta yarda ba ya nufin hankali ya yarda.

Sadik: Kawu ni ina bayanka a nan, kuma akwai abin da ba a faɗa ba. Ba a kansu aka fara ba. A 1998 A320 na Filifin ya zarce titi a Bacolod, a 2004 na TransAsia ya zarce a Taipei, duk labari ɗaya, ribas ɗaya a kulle matuƙi ya bar totur ɗin wannan ɓangaren a sama. In ƙwararru daban daban a ƙasashe daban daban suna faɗawa rami ɗaya ai sai a duba ramin. Kuma muryar da ke tuna wa matuƙi ya sauke totur tana yin shiru da zarar ɗaya ya shiga ribas, toh daidai lokacin da ya fi buƙatarta kenan fa. Hukumar binciken Birazil ɗin ma CENIPA ba ta rufe ƙofar cewa wataƙila na'urar totur ɗin ce ta samu matsala ba, duk da ta fi karkata ga kuskuren hannu.

Ɗan Tirela: Toh kun ga, maganata ta fito, ba su da yadda za su yi.

Injiniya: A'a Yaya maganarka ba ta fito ba, kai cewa ka yi in birki ya ƙi babu sauran dabara, kuma wannan ne nake musu. Akwai matakan da duk matuƙin Airbus yake haddacewa don ba lokacin buɗe littafi. Ya sa ribas har ƙarshe, ya ɗaga ƙafa daga birki, abokinsa ya kashe na'urar hana tayoyi ƙullewa, sannan ya sake takawa a hankali kada ma'aunin ƙarfin birki ya wuce 1,000 don kar tayoyi su fashe, in duk ya ƙi sai ya riƙa jan birkin fakin kaɗan kaɗan yana saki. Dubi jirgin kamfanin Qantas mai lamba 32 a Nuwamba 2010, jirgi ne samfurin A380, injinsa ɗaya ya tarwatse ya lalata wani sashe na birki da wayoyi, mutum 469 a ciki, matuƙan suka zauna a sama suna lissafin nauyi da tsawon titi kafin su sauka a Singafo, suka tsaya dab da ƙarshen titin, babu wanda ya mutu.

Sadik: Amma Yaya Injiniya ka yi adalci, su Qantas sun samu fiye da awa ɗaya suna shawara, titinsu mita 4,000 ne. Na TAM daƙiƙu kaɗan suka samu, kuma matakan da ka lissafo na wanda birkinsa ya mutu ne, su kuwa injin ne ke tura su ba su sani ba. A rikodin ana jin mataimakin ya ce fallaye ba su tashi ba, amma ba wanda ya kalli totur, hankalinsu duk yana kan santsin titi saboda shi aka gargaɗe su a kai.

Injiniya: Wannan na yarda. Abin da zai cece su shi ne hannu ya janyo totur na dama baya, kuma babu ƙararrawar da ta gaya masu.

Maman Ilham: Yanzu an gyara wani abu ko har yau haka ake sauka a wurin?

Injiniya: An yanka layukan ruwan bayan haɗarin Hajiya, daga baya kuma aka shimfiɗa wani irin kankare mai laushi a ƙarshen titin, in jirgi ya zarce tayoyinsa su nutse ciki ya tsaya.

Alhaji Babba: Sai da mutum 199 suka tafi. Ni har yanzu ban ji wanda ya amsa min ba, da titin yana da layukan nan a daren, da jirgin zai tsaya ko ba zai tsaya ba?

Injiniya: Da injin dama na turawa haka ranka ya daɗe, ni a ganina ba zai tsaya ba.

Alhaji Babba: Toh da ribas ɗin lafiyarsa ƙalau fa, hannunsa zai bar totur ɗin a sama?